Ke Ce da Wasa, Sakinatu

Malumfashi,
Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga Sakinatu, sanyin idona, ruwan randar da aka ajiye a inuwa, farar audugar da ba ta taɓa ƙasa ba. Wadda in ta yi dariya nake mance yunwa, in ta ɓata rai nake rasa inda zan sa kaina. Wadda na so tun ban san sunan abin da ke damuna ba.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda kewa ta ramar. Ina fata kina lafiya a Funtua, ke da Inna da Malam, da Gwaggo Amina da ta buɗe muku gidanta. Allah ya ƙara muku haƙuri, ya jiƙan Mannir, ya yalwata masa makwanci.

Na san kina fushi da ni, kuma ke ce da gaskiya. Saƙonninki duk suna cikin wayata, babu wanda ban karanta ba, wasu ma na haddace su, amma ko ɗaya ban amsa ba. Ba matsalar sabis ba ce kamar yadda na sa aka gaya miki. Kalma ɗaya ce ke hana ni amsawa duk sanda na buɗe su, wato wannan "jarumina" da kike rubutawa. Don girman Allah ki daina kirana da shi. Shekaranjiya Kawu Hussaini ya zo shago yana fara'a, ya ce Malam ya aiko cewa tunda an yi sadakar arba'in kada a ɗaga bikinmu, ai Mannir ma da yana raye ba zai yarda a ɗaga ba. Kawu na ta sa albarka, ni kuwa sai na zagaya bayan shago don kada ya ga fuskata. Ina sonki, Sakinatu, son da ya hana ni zama mutum a gaban mutane. Amma ba zan ɗauke ki zuwa ɗakina a kan ƙarya ba. Ki karanta takardar nan har ƙarshe kafin ki buɗe kwamfutar da ke cikin jakar da Manu direba zai ba ki.

Kin tuna ranar da kika fara shigowa shagona? Ni a sanina ke ce ƙanwar abokina Mannir, mai birgima a ƙasa in mun hana ta bin mu kamun fara a ƙauyenmu Unguwar Mati. Shekara goma ina Malumfashi ina gyaran wayoyi, ban san yarinyar nan ta zama malamar firamare ba. Kika shigo da shuɗin hijabi da wayar da ta faɗa bokiti, ni kuwa ina tsakiyar yaƙi a kwamfuta, ko kai ban ɗaga ba. Kika tsaya a bayana, sai na ji murya mai sanyi tana cewa katangata ta buɗe ta gabas, masu saran itacena sun cinye dajin da na jingina ta da shi. Kafin in waiwayo mahayan abokan gaba sun kwararo ta wurin, suna sassare mini manoma a kan gonakinsu. Na waiwayo da niyyar masifa, sai na ga idanunki. Wayyo ni! Gari ya ci wuta a gabana, ni kuma na ci wuta a tsaye. Wayar da ba ta wuce aikin awa ɗaya ba sai da na riƙe ta kwana tara don ki yi ta dawowa.

Daga nan aka fara zaman zaurenku, duk Asabar bayan la'asar, mu uku a kan tabarma da kwamfuta a tsakiya, Malam yana wucewa yana sa mana albarka don ya ɗauka darasi nake koya muku. Wasanni uku na yaƙin mutanen da, kowa da nasa, kowa yana rantsuwa nasa ne tarihi na gaskiya. Yau ina so in sake yin wannan gardamar da ke, sau ɗaya tak, don a cikinta laifina yake.

Nawa shi ne wanda kika raɗa wa suna wasan ƙararrawa. A ba ka manoma uku da gida ɗaya, ka sa su sare itace, su yi noma, su haƙo zinariya, ka gina katanga da hasumiya, ka tara mayaƙa. Komai a lokaci guda yake tafiya, ba mai jiran wani, wanda hannunsa ya fi sauri shi ke yanka ɗan'uwansa. Ina son ƙarar takubbansa, ina son in ga majaujawa ta jefa dutse hasumiya ta zube a kan masu tsaronta, ina son in saki mahaya a gonakin wani su bar gawa a kowace kunya. Amma abin da ya fi tafiya da hankalina shi ne ƙararrawar. In mahara suka shigo, ka danna ta sau ɗaya, kowane manomi ya yar da fartanya ya ruga cikin babban gida, su yi ta ruwan kibau ta tagogi har maharan su zube. Ka sake dannawa, kowa ya fito ya koma gonarsa kamar ba a yi komai ba. Sau nawa na nuna muku wannan ina buga ƙirji? Sau nawa na ce ga yadda masu hankali ke tsare gari?

Ke kuwa kika ce wannan ba tarihi ba ne, dambe ne aka sa wa rawani. Kika ce mutanen cikinsa ba su da uwaye. Naki wasan irin dara ne, ka yi naka ka ɗauke hannu, ɗan'uwanka ya yi nasa. Ana farawa tun zamanin da ba a san ƙarfe ba, a haƙa rijiya, a buɗe hanyar fatauci, a gina makaranta, a aika jakada da goron sulhu. A cikinsa in ka ƙone gari, jikokin garin ba sa mantawa, bayan shekara ɗari uku sai su tashi su yi maka bore. Na yi ta yi miki dariya, na ce wasan tsofaffi ne, mutum zai iya dama fura ya sha tsakanin motsi da motsi. Kika harare ni ta ƙasan ido kika ce ai shi ya sa kullum nake shan kashi a cikinsa. Wallahi hararar nan ta fi mini murmushin duk matan Katsina.

Shi kuwa Mannir, wanda ko rubutun da ke jikin allon ba ya iya karantawa, sai ya zaɓi na uku. Fage ɗaya, mutum dubbai, a jera sahu a gwabza. Amma mayaƙan cikinsa suna gajiya, suna tsorata. In aka fasa musu gefe sai ka ga sun watsar da garkuwa sun juya da gudu, mahaya na bin su suna sara ta baya, wanda ya kai daji ya ɓace shi ya sha. Mannir yakan matso da hoton kusa ya ƙura wa fuskokinsu ido, ya ce duk wanda ya ƙera wannan ya taɓa ganin tsoro da idonsa. Kullum a cikin dogayen ciyayi yake ɓoye mutanensa. Ya ce naki yana ƙarya wuri ɗaya, don in an kashe mutum dubu lamba ce kawai ke raguwa a gefe. Kika jefe shi da mafici. Ya ce nawa kuma yana ƙarya wuri biyu: babu mai jin tsoro a ciki, sannan wuta takan daɗe tana lasar gida, in ya rushe mutanen ciki su fito ko tari babu. Ya ce shi manomi ne, ya san yadda wuta ke cin rumbu. Na ce masa ya tsaya a kan masararsa ya bar wa masu ilimi maganar yaƙi.

A wannan wasan naki ne muka buɗe yaƙinmu, ni da ke, a kwamfuta ɗaya. Kika ɗauki mutanen Mali, kika sa wa babban birninki suna Gozaki; na ɗauki Rumawa, na sa wa nawa Malumfashi. In na yi nawa motsin sai Mannir ya ɗaure jakar a bayan babur tare da buhunansa ya kai miki, ranar kasuwa ya dawo mini da ita da naki. Wata goma sha ɗaya yana jigilar yaƙin mutum biyu yana tsokanarmu, wai shi bai taɓa ganin masoyan da ke aika wa juna sojoji a maimakon turare ba. Ni kuwa duk sanda na buɗe na ga inda kika matsar da rundunarki, ji nake kamar yatsunki ne suka taɓa nawa.

Sai damina ta zo da abin da kika sani. 'Yan bindiga suka fara cin ƙauyukan yamma da mu ɗaya bayan ɗaya. Mutanenmu suna da tasu hanyar tun kaka da kakanni, wadda Inna ta koya miki kina ƙarama. In dawa ta yi tsawo kuma aka ji ihu, kowa ya faɗa cikinta shi kaɗai. Ba a kiran suna, ba a taruwa, mai jariri ta sa masa nono a baki. A bi kwarin kunya a sunkuye, kada a tsallaka, don kada zangarniya ta kaɗa a gane inda mutum yake. Ni na raina wannan, Sakinatu. A zuciyata na kira shi gudun ɓeraye. Ina zaune a shago ina jin labarin kashe-kashe, jinina na tafasa, ina cewa har yaushe za a yi ta farautarmu a cikin kara?

Ga abin da ba ki sani ba. Shawarar ƙararrawa da taruwa a tsohon siton auduga ba ta Maitama ba ce. Tawa ce. Ni na je na sami Maitama, shugaban 'yan sa-kanmu, a gindin tsamiyar masallaci, na zana masa a ƙasa da tsinke. Sito na bulo ne, ƙofarsa ta ƙarfe ce guda ɗaya. A huda ramuka takwas a bango. In an buga ƙararrawa kowa ya shiga, masu bindiga su yi ta harbi ta ramukan. Ya tambaye ni inda na samo wannan dabara. Na dubi idon dattijon nan na ce a littattafan tarihi na karanta, haka manyan birane suka tsira. Ban ce masa daga wasa ba ne. Ya yarda da ni saboda ni ne mai kwamfuta, ɗan garin da ya yi boko. Ya ce dattawa ba za su saurari saurayi ba, shi zai kai maganar a matsayin tasa. Ni na samo tsohon ƙarfen tayar tifa a garejin Malumfashi, ni na rataye shi a reshen tsamiya da hannuna.

Ranar da aka gwada ta, Mannir yana jin ƙarar ya gane. Ya ja ni bakin rijiya ya tambaye ni ko wannan ba ƙararrawar wasana ba ce. Na yi masa tsawa. Ya ce sito ƙofa ɗaya gare shi, kuma a nasa wasan rundunar da aka rufe ba ta da wajen gudu ita ce ake karkashewa har mutum na ƙarshe. Ya ce zai gaya wa Malam. Kin san abin da na yi? Na kama shi da abota. Na ce in ya tona ni a gaban surukaina ya ce wasan yara na kawo wa dattawa, to ya kashe aurena da ƙanwarsa. Sai ya ɗauki gugansa ya tafi. Saboda ni ya yi shiru, kuma saboda ke.

Alhamis ɗin da abin ya faru, da hantsi ina gida Unguwar Mati, na zo taya Kawu karyar masara. Dawa ta wuce kan mutum ko ya ɗaga hannu. Sai muka ji gurnanin babura daga yamma, ba biyar ba, ba goma ba, kowanne da mutum uku. Na yar da buhu na ruga gindin tsamiya. Zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba, ko da zai sa ki tsane ni har abada: murna nake yi. Ƙirjina na bugawa irin yadda yake yi in na ga mahara sun doso katangata a allo. Na ce yau za su ga aiki. Na ɗauki guntun ƙarfe na fara dukan ƙararrawa da duk ƙarfina.

Kuma suka amsa, Sakinatu. Da idona na ga mutanen da suka riga suka shige dawa, suka riga suka tsira, suna fitowa saboda kirana. Na ga Nana Aisha matar ladan ta fito da goyo a baya da wani a hannu. Na ga tsoho Mati yana jan ƙafarsa mai ciwo yana haki. Mutum talatin da wani abu suka dunguma cikin sito, Maitama ya ja ƙofa. Bindiga shida ce a ciki, duk harba-ka-ruga, a harba ɗaya a tsaya ɗura wata. Waɗancan kuwa nasu ba sa numfashi.

Ina cikin bugawa sai ga Mannir ya faso daga dawa, shi kaɗai yake gudu zuwa inda kowa ke gudu daga gare shi. Ya riga ya ɓuya, babu abin da zai same shi. Ya fito ne saboda ni. Yana zuwa ya cafke wuyan hannuna ya ce, "Daina bugawa, Almustapha. Daina." Maganarsa ta ƙarshe ke nan. Harsashi ya shiga ta gefen wuyansa ya fita, jininsa ya watsu a fuskata har cikin bakina, da ɗuminsa. Nauyinsa ya kayar da mu a bakin gona. Na ja shi taku kaɗan cikin kara, yana shure-shure, yana neman iska ta ramin da ba na iska ba, hannunsa bai saki nawa ba. Da ya daina motsi sai da na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Sannan na bar yayanki a nan na bi kwarin kunya da rarrafe, ban tsallaka ko ɗaya ba, daidai yadda tsofaffin da na raina suka koyar.

Na kwanta rub da ciki inda nake jin komai. Ba su ɓata harsashi a kan bango ba. Ramukana takwas ko kallonsu ba su yi ba, ta bayan sito suka zagaya inda ban sa a huda ba. Na ji ana zuƙo fetur daga tankunan babura, na ji ana ɓalle kwanon rufi. A ciki akwai ragowar audugar bara da buhunan masarar da aka fara tarawa. Mannir ya faɗa, manomi ya san yadda wuta ke ci. Ba ta lasa ba, Sakinatu, haɗiya ta yi. Na ji ana dukan ƙofar ƙarfe daga ciki, da hannu, da kai. Na ji muryoyin da na sani tun ina yaro sun koma wani abu da ba shi da suna. Da ƙofar ta buɗe, waɗanda suka fito suka tarar da bakin bindiga na jiransu. An ce Maitama ya fito rigarsa na ci da wuta, adda a hannu, sai da ya raba kafaɗar ɗaya daga cikinsu kafin su zube shi. Wannan ban gani ba, fuskata na cikin ƙasa. Warin kuwa na ji shi, har yau yana cikin hancina, shi ya sa ba na iya wucewa ta gaban mai tsire. Mutum goma sha tara muka binne washegari, wasu a haɗe don an kasa raba su.

Waɗanda suka zauna cikin dawa fa? Ko ƙwarzane babu wanda ya samu. Maharan sun yi ta harbi cikin kara a makance, suka gaji, suka kora shanu suka tafi. A ɗaya daga cikin saƙonninki kin ce da kika ji ƙararrawa kin yunƙura za ki fito, don kin san hannuna ne, sai Inna ta kwaɗa miki mari ta danne ki a ƙasa ta kwanta a kanki. Kin rubuta shi kamar abin da za mu yi wa dariya wata rana. Ni da na karanta ban yi dariya ba. Hasken raina, da kin fito fa? Da kina cikin masu dukan ƙofar nan da kai? Marin Inna guda ɗaya ya fi duk ilimin da nake taƙama da shi.

Da aka same ni jina-jina, sai mutane suka haɗa labarinsu. Wai Almustapha ya tsaya yana gargaɗin gari har harsasai suka iso shi, wai ya ɗauko abokinsa a kafaɗa. Maitama kuwa, wanda ya mutu yana sara, shi ake tsine wa. Matarsa Mansura ko gaisuwar mutuwa ba a yi mata da kirki ba, na ji an ce in ta je ɗiban ruwa mata sai su kwashe bokitansu su bar mata wurin. Ina ji, ina gani, na yi shiru kwana arba'in da bakwai. Me ya rufe mini baki? Ke. Tsoron rasa ki. Na ce in na yi shiru zan samu in riƙa ganin fuskarki kowace safiya har in tsufa, wa zai sani? Mutum biyu ne suka sani, duka suna ƙarƙashin ƙasa. Sai dai na gwada hango kaina a ɗaki ɗaya da ke, kina sa wa ɗanmu na fari suna Mannir, kina ba shi labarin jarumtar ubansa, na ga ba zan iya ba. Gara ki tsane ni a kan gaskiya.

To ga hukuncin gardamarmu, tunda ni na fi kowa baki a cikinta. Nawa wasan maƙaryaci ne, ni kuma na fi shi, don shi bai taɓa cewa a gwada shi a kan mutane ba. Na Mannir ne ya san tsoro, ya san gudu ba abin kunya ba ne. Naki kuwa shi nake tsoro yanzu, don a cikinsa gari ba ya manta wanda ya ƙone shi.

Jibi Juma'a zan zo Funtua in durƙusa a gaban Malam in gaya masa duk wannan da bakina. Daga nan in nemi Mansura. Sannan in tsaya a gaban duk wanda ya rage daga Unguwar Mati in wanke sunan Maitama. Abin da za su yi mini su yi, na cancanta. Wannan ba ya jiran amsarki, ko kin yafe ko ba ki yafe ba zan yi. Amma ban yarda ki ji daga bakin kowa ba kafin nawa.

Ya ke wadda nake gani a kowace gonar auduga da ta buɗe, wadda muryarta ke zo mini tare da kukan kurciya da safe, me zan roƙa? Ina da bakin roƙo kuwa? In na ce ki yafe, da wane ido za ki kalli Inna? In na ce ki manta da ni, ƙarya na yi, don ina so ki tuna ni ko da tsinuwa ce. Ina sonki yau fiye da ranar da kika nuna mini ɓarakar katangata. Kaicona da ban roƙe ki ki duba mini wannan ba! Da na nuna miki zanen nan na gindin tsamiya, da kallo ɗaya za ki yi masa ki ce ƙofa ɗaya ce. Ban nuna miki ba don na san abin da za ki ce.

Yanzu ki buɗe jakar. Kin tuna inda yaƙinmu ya tsaya. Rundunarki ta kewaye Malumfashi ta kowane gefe, majaujawarki a ɗane, motsi ɗaya ya rage ki mayar da birnina toka. Sai ba ki yi ba. Kika aiko jakada da sulhu. Ranar Talatar da ta gabaci harin Mannir ya kawo mini, yana dariya yana cewa ƙanwarsa ta ji tausayina. Tun ranar jakadanki ke tsaye a ƙofata. Yau da safe na ba shi amsa: na mayar da shi. Kada ki ɗauka girman kai ne. Wancan sulhun kin aika wa mutumin da kike zaton ni ne, ba ni da ikon karɓa a madadinsa. Bayan haka na sauke maharbana daga kan katanga, na sallami mayaƙan da ke ciki har na ƙarshe, na rufe motsina.

Ba sai kin rubuto mini komai ba, ba sai kin ga fuskata ba. Ki yi naki motsin ki ba Manu jakar. In na buɗe na ga toka, na fahimta. Zan gaya wa Kawu Hussaini ya je ya janye maganar cikin mutunci, ba wanda zai tambaye ki dalili, kuma ba za ki sake jin sunana ba sai in wani ya ambata. In kuwa na ga jakada, to zan san Allah ya yi wata halitta da ta fi ƙarfin fahimtata. In kuma kika riƙe ta shekara goma ba ki taɓa ba, wasanki ne, kin san ba ya gaggawa, ni ma na koyi jira. Kowanne kika zaɓa, babu wata mace da za ta zauna inda na tanadar miki, daga yau har ranar da za a jera ni kusa da waɗanda na kira suka amsa.

Batirin a cike yake, na yi masa caji da kaina. Babu kowa a kan katanga, Sakinatu. Ke ce da wasa.

Naki, ko kin karɓa ko kin mayar,
Almustapha.